Rantsuwar Bakin Rijiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Daga Dakoro, cikin marka.

Zuwa ga ɗana Sani, a ƙasar Faransa. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ka a ƙasar da ba ka da dangi, Ya tsare cinka da shanka da kwananka, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau. Innarka na gaishe ka, gero ya fitar da kai. Labarin gida ke nan, ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Takardarka ta iso, kuma na ji daɗi da ka rubuto ta da ajami, don ban so mushen lakkwal, malamin makarantar boko, ya karanta mini abin da ke ciki ba. Wannan ma da hannuna nake rubuta ta, sai ka yi haƙuri da rubutun maginin rijiya, yatsun sun fi sabawa da dagi.

Na gane abin da kake tambaya. Ka ce malamanku na jami'a a Dakar sun zaɓe ku, ku 'yan kaɗan, ku yi hutun daminar nan a can kuna koyon ƙasa da duwatsu da inda ruwa yake kwanciya. Ka ce ranar Litinin ta farko a watan Nasara mai zuwa za a saukar da ku cikin wani ramin da ake haƙar gawayin dutse, don ku ga yadda ƙasa ta jeru da idonku. Wanda bai sauka ba, malami ba zai sa masa hannu a takarda ba, kuma baɗi ba za a karɓe shi a sashen ruwa ba. Sannan ka tuna mini rantsuwar da na sa ka yi kana ɗan shekara tara, cewa ba za ka taɓa sauka rijiya ko rami ba muddin ranka. Ka ce in na ce a'a, ka haƙura. Mai gidan waya ya ce jirgin sama zai kawo maka wannan kafin ranar, saboda haka amsarka tana ciki. Amma sai ka bi ni a hankali, don akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka ji ta.

Tun da na karanta takardar nan bakina bai rufu ba. Ka ce kun yi kwana da kwanaki a kan ruwa, ba tudu ba itace, kuma ruwan ba ya shayuwa. Kogi a tsakiyar gari da ba ya ƙafewa rani da damina, mutane suna wucewa ta kansa ko kallonsa ba sa yi. Dutse mai ƙanƙara a ka alhali ana zafi a gindinsa. Ni da na yi shekara arba'in ina roƙon ƙasa ruwa da dagi, ashe akwai inda Allah Ya zuba shi haka har ya zama abin tsallakewa. Sai kuma ramin naku. Ka ce akwatin ƙarfe ake shiga, igiyar ƙarfe ta sauke mutum gaba ɗari uku, kowa da fitila a goshi, kuma akwai dawaki a can ƙasa suna jan kaya. Na karanta wurin dawakin sau uku, na kai wa innarka, ta ce ko dai Nasara sun fara koya maka ƙarya. Ni iyakar zurfin da na taɓa kaiwa gaba arba'in da biyu ne, kuma har yau in na shiga kasuwar Kornaka ana nuna ni da baki. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya shimfiɗa ƙasar nan, hawa-hawa, Ya bar mu muna tonon ta sama muna taƙama.

Ranar da na fara sauka ina ɗan shekara goma sha biyar. Kakanka Tanko ne a kan igiya. Tun kwana uku kafin ranar nake cika wa samari baki cewa ni rijiya ba ta ba ni tsoro. Aka ɗaura ni, aka fara sakina. Gaba goma na farko ina waƙa. Daga nan waƙar ta tsaya da kanta. Hayaniyar mutane ta koma nesa, sanyi ya kama ƙafafuna, ƙamshin ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba ya cika mini hanci. Da na taka ƙasa na ɗaga kai, sai na ga sama duka ta dawo kamar faifai. A nan na san girman Allah, a nan kuma jikina ya saki abin da ya saki. Na yi aikin haka nan, ban cika kwando biyu ba. Da aka fito da ni kakanka ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Garba, mi ka gani can ƙasa?"

Na ce, "Ban ga komi ba, Baba. Ko tsoro ban ji ba."

Ya ce, "To wandonka hwa? Ko har ka cim ma ruwa ba ka hwaɗa muna ba?"

Aka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya hana ni sauka wata guda, ba don na ji tsoro ba, sai don na ce ban ji ba. Ya ce magini mai ɓoye tsoro zai ɓoye juwa, zai ɓoye numfashin da ya fara yi masa nauyi, har a fito da gawarsa yana nuna jarumta. Kai ma ka riƙe wannan. Na san halinka, ka fi ni kunya, kuma kana cikin 'ya'yan Nasara, za ka so kada a ce baƙin nan ya raina kansa. In ƙirjinka ya yi nauyi, ka faɗa. In ba ka gane magana ba, ka ce a maimaita. Ba wanda ya taɓa mutuwa don an yi masa dariya.

Akwai wani wurin a takardarka da ya sa na tashi tsaye. Ka ce malaminku ya fasa dutse da guduma ya nuna muku ƙwaryar dodon koɗi a ciki, ya ce wurin da kuke tsaye teku ne a da can, kafin a yi mutane. Ka ce ka tambaye shi ƙasarmu, ya ce ita ma haka. Sani, ni na ga wannan abin. Shekaru da yawa da suka wuce, a wata rijiya gabas da Birnin Lalle, bayan mun wuce jigawa da marmara da baƙin yumɓu, dagina ya ɓanɓaro wani farin dutse. A jikinsa ga ƙwarya a jere, ƙanana da manya, kowace da zanenta, kamar jiya aka ajiye su. Na riƙe shi a hasken fitila na daɗe ina kallo. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sai zuciyata ta ce kayan mutanen ɓoye ne, na shigo musu ɗaki. Na yi addu'a, na tura dutsen cikin bango, na lulluɓe shi da laka. Ban gaya wa kowa ba, ko innarka, don kada mutanen garin su ƙi shan ruwan.

Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da wannan a raina, ashe amsarsa tana hannun wani tsoho mai guduma a bayan teku. Da na fito da dutsen na nuna, wataƙila da wani ya san wani da ya sani. Yanzu in na fita bayan gari na dubi jigawa da aduwa da raƙuman Buzaye suna kiwo, sai in ce ashe kifi ya taɓa yawo a nan, a saman kaina. Abin ya fi ƙarfin hankalina, amma yana yi mini daɗi. Saboda haka duk abin da ya ba ka mamaki a can, kada ka lulluɓe shi da laka. Ka ɗauke shi ka kai wa wanda ya fi ka sani. Kuma in malamin nan yana son ya ji yadda muke duba suri da irin itacen da ya tsiro kafin mu kafa dagi, ka faɗa masa, kada ka ji kunyar sana'ar gidanku. Shi ya san abin da ke cikin dutse, mu mun san inda ake fara tonawa.

Yanzu na zo inda nake ta kewayawa. Kai ka san Babanka Ila, ƙanena, rijiya ta ci shi a wani ƙauye kusa da Kornaka. Haka aka faɗa maka, haka kowa ke faɗa. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce maganar duka ba.

Ka taso a gidan magina amma na hana ka koyon komai, don haka bari in faɗa maka yadda muke aiki. In mutum zai sauka, ana fara saukar da fitila. In ta mutu, ba mai shiga, don iskar ƙasa ta ɓaci. Amma iska tana iya ɓacewa mutum yana can, in dagi ya huda wani wurin. Shi ya sa ake da mai riƙon igiya. Ba shi ke ja ba, masu ja suna gefe suna jiran bakinsa. Shi aikinsa ya zauna a bakin rijiya, igiyar da ke ɗaure a ƙugun na ƙasa tana kwance a tafin hannunsa. In na ƙasa ya girgiza ta sau uku, a fito da shi nan take, ba tambaya. Mai riƙon igiya ba ya cin abinci, ba ya amsa sallama, ba ya tashi ko mahaifinsa ne ya kira shi. Kuma ba a ba bare wannan aiki, sai ɗan'uwa na jini. Haka muka gada, haka kakanka ya yi mini, haka na yi wa Ila shekara goma sha ɗaya.

Ranar muna gaba talatin da wani abu, ƙasa ta fara danshi, kowa ransa fari. Ila yana ƙasa, ina kan igiya. Da hantsi sai ga ƙurar dawaki, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya fito rangadi da gardi, wato dogarinsa, da tafinta. Suka sauka a gindin gawo, nesa da mu kamar jifa biyu. Mutanen gari suka tafi gaisuwa, masu ja ma suka miƙe suka bi. Sai gardi ya ɗaga murya.

Ya ce, "Ina babban magini? Kumandan shina kira, ya taho maza."

Sani, ba wanda ya ja ni. Gardin bai ɗaga bulala ba. A lokacin ana ta maganar za a ɗauki magina aikin rijiyoyin siminti na gwamnati, ni kuwa ina so Nasara ya san sunana. Kuma ban taɓa ganin wanda kumandan ya kira ya ce a jira shi ba, bakina bai san yadda ake faɗin haka ba. Na ce a raina gaisuwa ce kawai. Na ɗaure igiyar a jikin gwafa, na kakkaɓe rigata, na tafi.

Kumandan ya yi mini tambayoyi ta bakin tafinta. Gaba nawa muka yi, wace ƙasa muka wuce, yaushe muke sa ran ruwa. Yana rubutawa a littafi, ina jin kaina yana girma. Har hannu ya ba ni a gaban mutane. Duka bai fi a dama fura a sha ba. Da na koma na ɗauki igiyar, na girgiza ta, shiru. Na kira sunansa, shiru. Muka ja, muka fito da shi. Ya naɗe igiyar a hannunsa na dama, tafin ya saluɓe saboda girgizawa. Ba sau uku ya girgiza ba. Allah kaɗai Ya san sau nawa.

Bayan an yi masa sutura tafintan ya same ni. Ba da mugun nufi ya yi maganar ba, shi ma jikinsa ya yi sanyi.

Ya ce, "Malam Garba, don mi ba ka ce akwai mutum ƙasa ba? Ai shi da kanshi ya so ya taho bakin rijiyar ya gani. Da ka hwaɗa, da shi za ya iske ka."

Kalma huɗu ce ta raba ni da ɗan'uwana. Akwai mutum a ƙasa. Ita ce ban iya faɗa ba.

Mutanen da ke wurin sun rufa mini asiri, suka ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, amma ni na san inda hannuna yake a lokacin. Ga nasihata a kan wannan, ita ce mafi tsada da nake da ita. Za ka zauna da manya, za ka ga abubuwan da za su sa ka ji kai ba kowa ba ne. Ka girmama mutane, ka yi mamakin aikin hannunsu, ya cancanci mamaki. Amma ranar da ran wani yake hannunka, ko wane ne ya kira ka, ka ce ya jira. In ka dawo ka zama babba a sashen ruwa, kai ne za ka riƙa zuwa bakin rijiyoyi da littafi. Kada ka taɓa aika a kira maka magini. Ka sauka daga mota ka taka ka same shi, ka fara duba abin da ke hannunsa kafin ka miƙa naka.

Kwana bakwai bayan rasuwar Ila na kama hannunka na kai ka bakin rijiyar gari. Ka tuna. Na ɗora hannunka a kan Alƙur'ani na sa ka maimaita abin da na faɗa, kana kuka ba ka san dalili ba. Da aka zo neman yaran lakkwal, kowa yana ɓoye nasa a rumbu, ni na kai ka da kaina, mutane suna cewa Garba ya zautu. Na ce ina so ka yi ilimi. Gaskiyar ita ce ina so ka yi nesa da igiya. Na gaya wa kaina tsare ka nake yi daga rijiya. Sai da takardarka ta zo na zauna na dubi abin sosai. Rijiya ba ta yi wa Ila komai ba wanda ba ta saba yi ba, kuma mun san maganinsa tun kakanni. Ba rijiya nake tsoro ba. Ina tsoron wata rana ka ce za ka sauka, ni ne ɗan'uwanka na jini, dole in zauna a kan igiyarka, ni kuwa ban ƙara yarda da hannuna ba. Tun ranar ban sake riƙe wa kowa ba. Ni nake sauka, wasu su riƙe mini. Laifina ne, amma kai na ɗaure da shi, kuma wannan shi ne kuskurena na huɗu, bayan ɓoye tsoro da lulluɓe dutse da barin igiya.

Dubi ikon Allah. Na kore ka daga rijiyar gaba arba'in, ka bi ta Maradi, ka bi ta Yamai, ka bi ta Dakar, ka ƙetare teku, sai ga ka a bakin ramin gaba ɗari uku kana neman iznina. Na yi dariya ni kaɗai har innarka ta leƙo.

Na je wurin Malam Habu limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin rantsuwar. Ya saurare ni yana jan carbi.

Ya ce, "Garba, yaron da bai balaga ba rantsuwa ba ta hawa kanshi. Ɗanka ya sauke Alƙur'ani kahin ya tahi lakkwal, ya san wanga sarai. Ba hukunci shike tambaya ba. Bakinka shike jira."

To ga bakina. Na warware ka, Sani. Abin da na sa ka faɗa a bakin rijiya na janye shi, duniya da lahira, babu komai a kanka. Ka sauka. Ka buɗe idonka ka ga abin da Allah Ya ɓoye a can, ka taɓa bangon da hannunka, ka shinshina ƙasar, ka lura da inda take canza launi. In ka ga dawakin nan ka shafa wuyan ɗaya, ka zo ka ba innarka labari ko ta yarda. Kafin ka shiga akwatin ka yi alwala, ka ci abinci kaɗan. Ka dubi igiyar ƙarfen da idonka ko da sun ce ba ta taɓa tsinkewa ba. Ka nemi mutumin da ke tsaye a kan injin, ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka faɗa masa naka, don ya san mutum ne yake saukarwa.

Abu ɗaya ya rage. A gidanmu ba a taɓa saukar da mutum ba tare da ɗan'uwansa a sama ba, kuma ba za a fara a kanka ba. Ranar Litinin ɗin, daga an sallame sallar asuba, zan tafi rijiyar gari da igiyar Ila, wadda ke rataye a ɗakina tun ranar ban taɓa ta ba. Zan saki bakinta ciki, in zauna, in kwantar da ita a tafina. Na san ba ta kai Faransa ba, ban zautu ba tukuna. Mata masu ɗiban ruwa za su yi dariya, su yi. Ba zan ci ba, ba zan amsa sallama ba. Ka ce kafin la'asar za ku fito, ni sai rana ta faɗi zan tashi, saboda ko za ku makara. In kumandan da kansa ya aiko kira, zan ce a gaya masa akwai mutum a ƙasa.

Allah Ya saukar da kai lafiya, Ya fito da kai lafiya. Ya riƙe ƙasar da ke samanka, Ya ba ka iska mai kyau, Ya tsare waɗanda za ku shiga tare, Musulminsu da Nasaransu. Ya jiƙan Ila, Ya yafe mini. Ya ƙetarar da kai tekun nan Ya dawo mana da kai muna raye. In ka fito, ka rubuto a ranar, ko layi ɗaya ne.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Garba Magini.